Tallafin Korona da Mutanen da Ba Su Cikin Rajista

A watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe shaguna da ma'aikatu a Birtaniya, ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya roƙi kamfanoni kada su sallami kowa. Ma'aikaci ya zauna gida, gwamnati ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashinsa, iyaka fam 2,500 a wata. Shirin ya kai ƙarshen Satumban 2021, kuma ayyuka sama da miliyan 11 ya tallafa. Za a ce ai masu kuɗi ne. Haka ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Hukumar harajinsu ta riga ta san sunan kowane mai albashi, da inda yake aiki, da abin da yake ɗauka. Tura kuɗin kawai ya rage.

Mu kuwa a Najeriya da aka kulle Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, Ogun da Kano suka biyo baya a Afrilu, waɗanda suka fi jin jiki ba su da albashin da za a cike musu. Ɗan dako a Kantin Kwari, mai shayi, mai wanki da guga, direban adaidaita sahu da dole ya kai balas kowace yamma: duk hannu baka hannu ƙwarya ne. Ran da ba a fita ba, ba a ɗora tukunya.

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A watan Yuni ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya tsara. A ciki aka ware biliyan 75 don ƙananan sana'o'i, ana biya wa ma'aikatansu naira dubu 30 zuwa 50 a wata har wata uku. Malaman makarantun kuɗi da suka yi watanni ba ko sisi, wasunsu sun ga alat. Sai dai sharaɗin shi ne wurin aikin ya kasance da rajistar CAC, ma'aikaci kuma da lambar BVN. To, telan da ke da yara huɗu a shago, yana sallamarsu da abin da ɗinki ya kawo, ina ya ga wannan takarda? Irinsa sai dai dubu 30 ta masu sana'ar hannu, sau ɗaya tak.

Sai kuma shirin gwamnati na ayyuka 774,000, mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, a yi shara da yashe kwata na wata uku kan dubu 20 a wata, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashi a doka dubu 30 ne. Da yake babu jerin marasa aiki da za a duba, sai tambaya ta zama: wa zai zaɓo sunayen? A kan haka ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin Festus Keyamo ya yi cacar baki da 'yan majalisa a gaban 'yan jarida, aikin bai kankama ba sai Janairun 2021. Kafin nan, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na ƙarshen 2020 sun kai rashin aikin yi kashi 33.3 cikin ɗari.

Rajistar masu ƙaramin ƙarfi da gwamnati ke da ita lokacin kulle gidaje miliyan 2.6 ta ƙunsa, shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ce a ƙara miliyan ɗaya. Akasarinsu mutanen karkara ne, kullen kuwa birane ya fi kamawa.