Halitta ko Tarbiyya: Nazari kan Hujjar Goldberg Game da Mulkin Maza

A shekarar 1973, lokacin da fafutukar 'yancin mata ke tashe a Amurka, wani malamin ilimin zamantakewa a City College da ke New York, Steven Goldberg, ya fitar da littafi mai suna The Inevitability of Patriarchy. Akasarin abokan aikinsa suna koyar da cewa tarbiyya da al'ada ne suka ɗora namiji a gaba. Shi kuwa ya ce tushen abin yana cikin jiki. An haife shi a 1941, ya daɗe yana koyarwa a wannan kwaleji har ya shugabanci sashensu, kuma bai janye maganarsa ba: a 1993 ya faɗaɗa ta a littafin Why Men Rule. Ya rasu a 2022, amma gardamar da ya tayar tana nan da ranta.

Goldberg ya ce abubuwa uku ba su taɓa ɓacewa daga kowace al'ummar da aka bincika ba. Manyan kujerun mulki galibi maza ke kansu. Duk aikin da jama'a ke gani da daraja, in ban da reno, maza ke rububinsa. A zaman miji da mata kuma, ana ɗauka namiji ke da ta cewa. Dalilin da ya bayar shi ne sinadarin testosteron, wanda ke shafar ƙwaƙwalwa tun ɗa yana ciki, ya kuma ƙaru lokacin balaga, ya sa maza, a matsakaicin lissafi, sun fi zafin neman matsayi. Al'umma na ganin haka, sai ta gina tarbiyyarta a kai.

Ya tanadi amsa ga masu kawo misalan da suka saɓa. Mutanen Minangkabau na Indonesiya suna gadon gida da gona ta wajen uwa, amma sarautun dangi maza ke riƙewa. Mai karatu Bahaushe zai tuna da Amina ta Zazzau da magajiyoyin Daura. Amsar Goldberg ga irin wannan ita ce mace guda a kan gadon sarauta ba ta sauya waɗanda suka cika fada. Ita kanta Margaret Mead, fitacciyar masaniyar al'adu, ta yarda cewa ba a samu al'ummar da mata ke mulki ba.

Abin da ya sa wannan ra'ayi ke ta dawowa bai rasa nasaba da bunƙasar binciken ƙwayoyin halitta, musamman bayan littafin Sociobiology na Edward Wilson a 1975. Sai kuma ganin cewa an sauya dokoki a Turai da Amurka amma giɓin da ke tsakanin maza da mata bai rufe ba. A 2005 shugaban Jami'ar Harvard, Lawrence Summers, ya sha suka da ya ambaci bambancin halitta wajen bayanin ƙarancin mata a manyan muƙaman kimiyya. A 2017 kamfanin Google ya sallami injiniya James Damore kan takardar da ya rubuta mai irin wannan magana. Ga shi kuma hujja ce mai sauƙin yaɗawa: jimla ɗaya ta ishe ta a Facebook, raddinta kuwa sai an zauna.

Raddin yana da ƙarfi. Binciken da ya biyo baya ya nuna testosteron ba hanya ɗaya yake bi ba: yakan hau lokacin gasa, yakan sauka ga uban da ke kula da jinjirinsa. Ke nan yanayin zama ma yana juya jiki. Eleanor Leacock, wadda ta koyar a kwaleji ɗaya da Goldberg, ta nuna yadda cinikin fatu da wa'azin mishan tun ƙarni na 17 suka rage ikon matan ƙabilar Innu a Kanada. Ester Boserup kuma a 1970 ta danganta matsayin mata da kayan noma: inda ake noma da fartanya mata na cikin gona, inda garmar shanu ta shigo aikin ya koma hannun maza, dukiyar ta bi shi. Binciken Alesina da Giuliano da Nunn na 2013 ya gano cewa jikokin masu garma har yau sun fi taƙaita mata a aiki da siyasa.

Lissafin majalisu ya fi fito da iyakar hujjar. Kundin tsarin mulkin Ruwanda na 2003 ya ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na kujeru. A 2008 suka zama masu rinjaye a majalisar wakilai, yanzu sun haura kashi 60. A Najeriya, majalisa ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru a Maris 2022, kuma bayan zaɓen 2023 mata ba su kai 5 ba cikin sanatoci 109. Mabiyan Goldberg za su ce shugaban Ruwanda namiji ne, kuma gaskiya ne. Amma jinin mazan Kigali bai bambanta da na mazan Abuja ba. Doka da tarihi ne suka bambanta.

Tasirin wannan muhawara ya zo da riba da asara. Ribar ita ce masana zamantakewa sun rage yin magana kamar mutum ba shi da jiki. Asarar ita ce yadda ake karɓar bayanin abin da ke faruwa a mayar da shi hukuncin abin da ya kamata, alhali Goldberg ya nanata cewa bai ce namiji ya fi mace ba, kuma matsakaicin lissafi ba ya yanke hukunci kan mutum guda. Ko da an sallama masa cewa halitta na karkata maza ga neman mulki, wannan bai bayyana girman giɓin ba, bai kuma halatta cire yarinya daga makaranta ko hana mace tikitin takara ba. Waɗannan shawarwari ne da iyaye da jam'iyyu da majalisu ke yankewa, kuma su ya kamata a tambaya.