FASHIN BAƘI: Abin da ke sa tsohon saitin ganguna tsada, da yadda mai sayarwa zai kauce wa faɗuwa

A watan Disamban 2015, kamfanin gwanjo na Julien's da ke Amurka ya sayar da wasu ganguna uku ƙirar Ludwig a kan kuɗin da ya haura dala miliyan biyu. Mai kayan shi ne Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, wanda ya fara kaɗa su a 1963. Mai saye kuwa Jim Irsay ne, attajirin da a wancan lokaci ya mallaki ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Indianapolis Colts. Wata guda kafin nan, Irsay ya biya kusan wannan adadi a kan fatar gaban babbar ganga guda ɗaya tak, mai ɗauke da sunan Beatles, wadda aka gani a shirin talabijin na Ed Sullivan a Fabrairun 1964.

Irin waɗannan ganguna, na kamfani ɗaya da shekara ɗaya, idan babu sunan wani shahararre a jikinsu, 'yan dubban daloli ake sayar da su. Wasu kuma tsararrakinsu ne, amma kuɗinsu bai kai na sabon saitin ɗan koyo ba. Wanda wannan tazara ta fi cutarwa shi ne mai kayan da bai san abin da ke hannunsa ba, kamar magajin da ya tsinci gangunan mahaifinsa a sito, ko makaranta, coci ko otal da ke son rage tarkace. Dillali ya san kasuwa, mai kaya bai sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Kamfani da zamani

Saitin ganguna na zamani ya ƙunshi babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, da ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta, da matsakaitan ganguna, sai faya-fayan tagulla da ƙarafunan da ke riƙe su. Masu tara kayan kiɗa sun fi ba da ƙarfi ga abin da aka ƙera daga shekarun 1920 zuwa na 1970, musamman na kamfanonin Amurka huɗu, wato Ludwig, Gretsch, Slingerland da Rogers.

Kowannensu da abin da ya ɗaga shi. Ludwig, wanda aka kafa a Chicago a 1909, ya samu kasuwar da bai taɓa gani ba bayan miliyoyin Amurkawa sun ga sunansa a gangar Ringo. Gretsch, wanda ya soma a Brooklyn a 1883, ya yi suna a hannun makaɗan jaz irin su Max Roach, Art Blakey da Elvin Jones. Slingerland ya shahara da samfurin Radio King, wanda Gene Krupa ya tallata tun shekarun 1930.

Akwai kuma batun wanda ya mallaki masana'antar lokacin da aka yi gangar. Kamfanin CBS ya sayi Rogers a 1966, Baldwin ya sayi Gretsch a 1967, Selmer kuma ya sayi Ludwig a 1981. Masu saye da dama suna ganin aikin da aka yi kafin manyan 'yan jari su karɓe ragama ya fi inganci, saboda haka sukan fifita shi a farashi. Ko wannan zato ya tabbata a kan kowace ganga ko bai tabbata ba, kasuwa ta riga ta ɗauke shi.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. A shekarun 1960 masana'antun Japan sun cika kasuwannin duniya da ganguna masu araha, na katako mai laushi, waɗanda ake liƙa wa sunaye iri-iri. Daga nesa sun yi kama da na Amurka, amma kuɗinsu a yau kaɗan ne.

Yadda ake gane shekarun ganga

Abin da masani ke fara dubawa shi ne bajon ƙarfe da ke kafe a jikin kowace ganga. Gretsch ya yi amfani da bajo mai zagaye har wajen 1970, kuma gangunan wannan zamani su ne mafi tsada a cikin nasa. Ludwig ya sauya bajonsa a ƙarshen shekarun 1960, ya koma mai launin shuɗi da kore. Daga wajen 1963 ya fara buga lambar ƙira a bajo, kuma gangunansa da yawa na wannan lokaci suna da hatimin kwanan wata a ciki.

Sai dai ana iya cire bajo a kafa wani. Shi ya sa ake kwance fata a leƙa cikin gangar, a ƙirga falle nawa na katako aka haɗa, a duba irin fentin da aka shafa a ciki da zoben katakon da ke ƙarfafa baki. Idan bajo ya ce wata shekara, katako ya ce wata, to akwai lauje cikin naɗi. Haka nan ana gwada gangunan da juna. Waɗanda suka fito daga masana'anta tare sun fi waɗanda aka tsinto ɗaya-ɗaya aka haɗa daraja.

Girma da launi ma suna da tasiri. Babbar gangar Gretsch mai faɗin inci 18, wadda makaɗan jaz ke so, ta fi mai inci 22 wuyar samu, ta kuma fi ta kuɗi. Launin da Ringo ya zaɓa, baƙi mai ratsin lu'ulu'u, har yau yana ƙara wa Ludwig na shekarun 1960 farashi.

Asali ya fi kwalliya

Nan ne masu sayarwa suka fi yi wa kansu ɓarna. Mutum zai ga rufin gangar ya koɗe, sai ya ɓare shi ya liƙa sabo, ko ya huda katako don ya ɗaura ƙarfen zamani, yana ganin ya ƙara wa kayansa kyau. A wurin mai tarawa kuwa, kowane ramin da ba masana'anta ta huda ba ragi ne, kuma sabon rufi yakan zabtare kaso mai yawa na kuɗin. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Share ƙura da tsumma mai laushi ya wadatar, sauran a bar wa mai saye.

Lafiyar gangar ita ce ta biyu. Ana duba ko katakon yana nan a zagayensa, ko danshi ya raba fallayensa, ko gara ta ci shi. Bakin ganga, inda fata ke zama, dole ya kasance daidai, domin daga nan amo ke fitowa. Ana kuma gwada ko fatar roba ta zamani, wadda ta bazu tun ƙarshen shekarun 1950, za ta zauna a kanta. Wasu tsofaffin gangunan Premier na Ingila an yi su da awon da ya saɓa wa na yau, abin da ke rage masu son su.

Faya-fayan tagulla

Sau da yawa dukiyar tana cikin abin da mai kaya ya ɗauka gyara ne zai ba mai saye. Gidan Zildjian ya faro a Istanbul a 1623, kuma tsofaffin faya-fayansa masu alamar K da aka ƙera da hannu a Turkiyya suna cikin kayan da makaɗa suka fi nema. Faifai ɗaya mai lafiya yana iya fin dukan gangunan da aka same shi tare da su kuɗi. Ana gane zamaninsa daga hatimin da aka buga a jikinsa, ana auna nauyinsa da giram, ana duba tsagewa da kuma ko ramin tsakiya ya cinye. Goge shi har ya yi ƙyalli kuskure ne, domin masu saye da yawa wannan dusashewar suke so.

Salsala, farashi da hanyar sayarwa

Cinikin Ringo ya nuna cewa tarihin mallaka na iya ninka farashi sau ɗaruruwa, amma sai da hujja. Rasit, hotunan da ke nuna wani tabo ko zanen rufi da ya dace da na gangar, da takardar shaida daga makaɗin ko iyalansa su ne abin dogaro. Labarin baka ba ya ƙara ko sisi.

Wajen yanke farashi, abin lura shi ne kuɗin da aka biya a cinikin da ya faɗa. Shafuka irin su eBay da Reverb suna nuna abin da aka riga aka sayar, kuma wannan ya fi kuɗin da masu talla ke rubutawa amfani, tun da kowa na iya sa wa kayansa abin da ya ga dama. A tuna kuma cewa adadin da gidajen gwanjo ke sanarwa yakan haɗa da la'adar da mai saye ya biya, sannan a cire ta mai sayarwa.

Kowace hanya da ribarta da hasararta. Kanti yana biya nan take, amma ƙasa da kasuwa, domin shi ma riba yake nema. Bai wa dillali ajiya yana kawo kuɗi fiye da haka, sai dai da jira da la'ada. Sayarwa kai-tsaye ta intanet ta fi riba, tare da ɗawainiyar aikawa da haɗarin 'yan damfara masu turo shaidar biya ta bogi. Kada kaya su bar hannu sai kuɗi sun zauna a asusu. Rarraba saitin a sayar ɗaya-ɗaya yakan ƙara kuɗi idan dama tsince-tsince ne, amma raba gangunan da suka fito tare asara ce. Hotuna masu haske na bajo, ciki, baki da kowane aibi suna hana rigima bayan ciniki. Jin tayin mutum biyu ko uku kafin a sallama shi ne mafi ƙarancin kariya.

Inda batun ya shafi Najeriya

A shekarun 1960 da 1970 ƙungiyoyin kiɗan hailaif da afrobit sun yi aiki da gangunan da aka shigo da su daga waje. A Legas Tony Allen ya gina salon da ya riƙe kiɗan Fela Kuti, a can kuma makaɗin Ingila Ginger Baker ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti. Duk kayan kiɗan wancan zamani da suka tsira suna da daraja biyu, ta kasuwa da ta tarihi, kuma ta biyun tana ɓacewa ne ranar da aka sayar da su ba tare da an rubuta wanda ya kaɗa su ba.

Gangunan gargajiya kuma hukuncinsu daban ne. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izini, kuma tsohon tambarin fada na iya shiga wannan rukuni. Wanda aka yi wa tayin irin wannan kaya, hukumar ya kamata ya fara tuntuɓa kafin dillali.