Ƙaramin Amfilifaya, Babbar Murya: Yadda Ake Zaɓen Lasifika a Zango

Idan wuta ta ɗauke a Damagaram cikin dare, fanka takan tsaya, firiji ya yi shiru, amma kiran sallar asuba ba ya fashi. Wanda ya leƙa lungun da ladan yake tsayawa a ƙananan masallatan Zango zai yi mamakin ƙanƙantar kayan da ke fitar da wannan murya. Amfilifaya ne da bai fi kwalin sukari biyu girma ba, an ɗora shi a kan kanta, an lulluɓe shi da tsumma saboda ƙura. A ƙasa ga batirin mota, wayoyi biyu ja da baƙa sun cije kansa. Wata siririyar waya ta bi bango ta hau soro, inda aka ɗaure lasifika mai baki kamar mazurari. Kayan ke nan duka, amma muryar tana ƙetare lunguna ta tada mai nauyin barci.

A wannan unguwa kuma za a sami wanda ya zuba kuɗi masu kauri ya sayi akwatin sauti da aka rubuta wa wat dubu uku a jikin kwali, ya kunna a tsakar gida ranar suna, waɗanda ke zaure ba su jin abin da ake faɗa.

"Malam, wat nawa ce?" Ita ce tambayar farko da mai saye yake yi a kasuwar Dole, kuma mafi yawan lokaci ita ce ta ƙarshe. Alhali wat ɗin da ke jikin lasifika yana faɗin wutar da za ta iya ɗauka ne kafin ta ƙone. Bai ce komai a kan ƙarar da za ta bayar ba. Lambar da ke faɗin wannan daban take, ana rubuta ta da desibel: a ba lasifika wat ɗaya tak, a tsaya nesa da ita mita ɗaya, a auna ƙarar da ta fito. Lasifikokin ɗaki na zamani sukan tsaya tsakanin 85 da 88. Manyan na wuraren biki sukan kai 95 zuwa 99. Masu ƙaho irin na masallaci, kamar na kamfanin TOA na Japan da Ahuja na Indiya, sukan haura 105.

Tazarar tana kama da kaɗan a ido, amma lissafin desibel yana da nasa hali. Duk ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka wutar amfilifaya sau biyu, ƙarin 10 kuwa ninki goma ne. Saboda haka lasifika mai 96 da aka ba wat 3 za ta yi ƙarar da mai 87 ba za ta yi ba sai an ba ta wat 24. Ƙahon masallaci mai 107 da aka ba wat 10 yana yin aikin da akwati mai 87 zai nemi wat 1,000 kafin ya yi, idan ma bai ƙone a hanya ba. A fili, duk sanda nisa ya ninka sau biyu sauti yakan ragu da desibel 6. Wannan ƙaho da wat 10 ɗinsa zai fara da 117 a mita ɗaya, a mita 64 yana nan da 81, alhali hirar mutum biyu a zaure wajen 60 take.

Mutumin Damagaram bai kamata wannan ya zame masa baƙon ilimi ba. Ranar hawan salla, idan Sarkin Damagaram ya fito daga fada a Birni, kakaki ne ke sanar da gari, kuma babu batir a jikinsa. Leɓɓan mabushi ne kawai ke karkarwa a wani ɗan ƙaramin baki, sai dogon bututu da ke buɗewa a hankali ya ɗauki wannan karkarwa ya miƙa wa iska. Haka algaita take da faffaɗan bakinta. Iska abu ce marar nauyi, faifan lasifika kuwa yana da nauyi, shi ya sa idan ya tura ta sai ta zame masa, kamar mai fifita wuta da tafin hannu maimakon mafici. A lasifikar ɗaki, abin da ke zama sauti bai cika kai kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka ba ta ba. Sauran duk zafi yake zama a cikin naɗin wayarta. Ƙaho yana tattara iskar a maƙogwaro ta yadda ba ta da wurin zamewa, sai rabon ya tashi zuwa kashi goma ko ashirin, wani lokaci fiye.

Injiniyoyin farko dole ce ta sa suka koyi wannan. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana lasifika mai naɗin waya da maganaɗisu, irin wadda ake amfani da ita har yau, ta shiga kasuwa a 1926, shekarar da Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu na Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. A lokacin, kowane amfilifaya da kwalabe yake aiki, wato waɗannan ƙwayaye na gilashi masu ja kamar garwashi da masu gyaran da suka yi karatun Faransanci ke kira fitila. Wutar da suke bayarwa kaɗan ce. Kwalbar 2A3 ta kamfanin RCA tana ba da wat uku da rabi, 300B ta Western Electric da ta fito a 1938 tana ba da kamar 8. Da irin wannan ƴar wuta aka cika gidajen silima masu kujeru ɗaruruwa da sauti, domin a bayan allon majigin akwai ƙahonin da suka fi mutum tsawo. A 1946 Paul Klipsch ya naɗe ƙaho cikin akwatin da ake jinginawa a kusurwar ɗaki, kuma har yanzu ana ƙera shi, da desibel 105.

Daga baya aka juya. A 1954 Edgar Villchur ya fito da ƙaramin akwati rufaffe mai zurfin sauti amma mai cin wuta, sannan taransista, wanda ya maye gurbin kwalba, ya sa wat ya yi araha. Masu ƙera lasifika suka daina tattalin wuta, tun da a ƙasashensu ba ta yankewa.

A nan kuwa tana yankewa. Wani ɓangare na wutar Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina yake zuwa, kuma kowa yana tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ba a maido ba sai cikin 2024. Wanda ke rayuwa da batir da farantin sola yana cikin halin da injiniyan 1930 yake ciki: kowane wat da lissafinsa.

Masu riƙe da amfilifaya mai kwalba a yau iri uku ne: wanda ya gaji tsohon rediyon Philips ko Grundig na shekarun 1950, mai kaɗa jita, da mai sha'awar sautinsa mai laushi. Gaskiyar da ya kamata a faɗa musu ita ce wannan na'ura ba ta tattalin wuta. Takan ci wat ɗari daga bango ta ba da goma, sauran ya zama zafi, a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40. Masallaci ko makarantar allo da ke kan batir, ƙaramin amfilifaya na zamani ya fi musu. Amma wanda ke son kwalbarsa don daɗin kunne yana da hujja, kuma duk nasararsa tana ga lasifikar da ya haɗa mata.

Abu na farko, kada ya ɗauko ƙahon masallaci. An yi shi don muryar mutum, ba ya fitar da sautin da ke ƙasa da wajen hez 200 ko 300. Kalangu zai fito, amma gangar da ke bugun ƙirji ba za ta fito ba, kuma idan aka matsa masa da ita siririn faifansa yakan tsage. Abin da zai nema shi ne lasifika mai faifan takarda marar nauyi, mai babban maganaɗisu, mai desibel 94 zuwa sama. Mafi araha ita ce wadda ke cikin mataccen tsohon rediyo, domin da ma don kwalbar EL84 mai wat huɗu ko biyar aka yi ta. Bayanta sai ta masu kiɗan biki mai inci 12 ko 15, irin na Eminence da Celestion, waɗanda ake samun na hannu a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Mai hali yana iya aikawa a sayo masa Fostex FE206 mai inci 8 da desibel 96, kafinta ya haɗa mata akwati a nan gida.

Akwatin kuma kada a yi masa rowar katako. Masana sauti suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Josef Anton Hofmann: ƙaramin akwati, zurfin sauti da tattalin wuta, biyu kawai ake samu a cikin ukun. Wanda ya zaɓi tattalin wuta da zurfin sauti, sai ya ba akwati wuri a ɗaki.

A teburin mai gyara ake gane ta ƙwarai. Zai ɗauki ƙaramin batir na tocila ya taɓa wayoyinta biyu, faifan ya yi tsalle ya ce ɗas. Zai sa yatsu huɗu ya danna faifan a hankali, ya kasa kunne. Idan ya ji ƙarar gugawa kamar yashi a cikin turmi, ko ƙurar hunturu ta shiga ramin naɗin, ko wani ya sake naɗa ta ya karkace, kuma lasifikar da aka sake naɗawa da wayar da ba tata ba takan rasa rabin muryarta. Zai duba gefen faifan: na soso yana ruɓewa a zafinmu cikin ƴan shekaru, na ƙyalle yana daɗewa. Idan babu takardar da za a yarda da ita, sai a jera lasifika biyu, a jona su ɗaya bayan ɗaya a amfilifaya guda ba tare da an taɓa makunnin ƙara ba. Kunne zai raba gardama.

Akwai abubuwa biyu da ke kashe amfilifaya mai kwalba, na uku kuma yana kashe mutum. A bayansa akwai ramuka da aka rubuta wa om 4, 8 ko 16. Lasifika mai om 8 a ramin 8 take shiga. Kada a kunna shi babu lasifika a jone, domin taransifomar da ke fitar da sauti tana iya ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada da wuyar samu a cikinsa. Sannan a cikinsa akwai wuta mai bolt 250 zuwa 400 wadda kwandansa ke riƙewa ko bayan an zare waya daga bango. Wanda bai koyi aikin ba kada ya sa hannu, kuma a nisanta yara.

Kwamitocin masallatai ma wannan lissafi ya shafe su. Sau da yawa idan jama'a suka ce ba a jin liman, amfilifaya mafi girma ake tara kuɗi a saya, batir ya riƙa mutuwa kafin isha'i, murya ta riƙa tsagewa tana damun marar lafiya da jinjiri a maƙwabta. Ɗaga ƙahon sama, juya bakinsa inda ake so, da canja siririyar wayar da ke shanye wuta a hanya sukan gyara matsalar da kuɗi kaɗan. Duk wanda zai shiga kasuwa sayen lasifika, ya juya kwalin ya nemi lambar desibel. Idan ba a rubuta ta ba, ya ce a jona masa ita a ƙaramin amfilifaya ya ji da kunnensa kafin ya ciro kuɗi.