Rubuta wasiƙar neman biyan bashi ba tare da an ɓata zumunci ba

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda matsalar 'yan bindiga. Ɗan kasuwar da ke bin wani bashi a can ba shi da abin yi sai ya aika takarda ta hannun direba.

Takarda ba ta ɗauke da murya, kuma sau da yawa wani ne ke karanta wa mai ita a gaban jama'a. Don haka, bayan sallama da gaisuwar iyali, sai a faɗi maganar nan take: adadin kuɗin, ranar da aka karɓi kaya, da ranar da ake bukatar biya. Ba a rubuta "ka ci amana" ko da haka abin yake a zuci, domin rubutu ba ya gogewa. Gara a ce, "Alhaji, na san halin da kasuwa ke ciki," sannan a buɗe masa ƙofa: ya biya kashi biyu, ko ya aiko da buhunan gero a madadin kuɗi. Yawan yabo kuwa kan sa mutum ya zaci ba a matse ake ba.