Ranar da aka sayi fuskar Robin Wright

A 2013 ne darakta Ari Folman, ɗan Isra'ila, ya fitar da fim ɗin The Congress, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Tushensa wani littafi ne da Stanislaw Lem, ɗan Poland, ya wallafa a 1971, amma Folman ya ƙara masa abin da babu a littafin: jarumar fim da za ta sayar da fuskarta.

Robin Wright ce ta fito, kuma da sunanta na gaskiya. A labarin, tauraruwarta ta fara dusashewa, ga ɗa mai ciwon da ke cinye masa ji da gani. Sai wani kamfani na ƙage mai suna Miramount ya kawo mata tayi: a kwafi siffarta a zuba a kwamfuta, kamfanin ya riƙa sa ta a duk fim ɗin da ya ga dama har shekara 20, ita kuwa ta bar wasa gaba ɗaya.

To, yaya ake kwafar mutum? Na'urar da aka nuna a fim ɗin ta gaske ce, tana Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda Paul Debevec da abokan aikinsa suka ƙera ta. Kamar manyan ƙwarya biyu ce da aka kife, cikinta cike da ƙananan fitilu da kyamarori. Mutum ya shiga tsakiya, fitilun su yi ta walƙawa ta fuskoki daban-daban, kyamarori na ɗauka. Daga yadda haske ke sauka a fata, kwamfuta take lissafa tudu da kwarin fuska, har ƙofofin gumi, ta kuma raba launin fata da sheƙinta. Sannan a sa shi ya yi murmushi, ya ɗaure fuska, ya zaro ido, a adana kowanne. Abin da aka samu mu kira shi tagwayen na'ura. Sai dai gangar jiki ce kawai. Dole a sami mai motsa ta, ko masu zanen kwamfuta, ko wani ɗan wasa da za a ɗora masa ita. Haka aka yi a Rogue One na 2016, inda Guy Henry ya yi wasan aka ɗora masa fuskar Peter Cushing, wanda ya rasu tun 1994.

A wurin kwafar ne The Congress ya fi armashi. Robin ta shiga na'urar ta daskare, sai wakilinta, wanda Harvey Keitel ya fito a matsayinsa, ya shiga ba ta labari har ta yi dariya, ta ƙare da kuka, fitilu na kwasa. Rabin fim na biyu kuwa zanen katun ne mai rikitarwa, a ganina ma ya ɗan yi tsawo.

Shekara 10 bayan fitowar The Congress, 'yan wasan Amurka suka yi yajin aikin kwana 118, kuma wannan batu na cikin manyan dalilansu. Yarjejeniyar da aka cimma ta ce sai da izinin ɗan wasa da biyansa za a yi amfani da tagwayensa. A 2024 kuma Robin Wright ta gaske ta fito tare da Tom Hanks a fim ɗin Here, inda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta mayar da fuskokinsu na ƙuruciya, su kuwa suna gaban kyamara suna wasansu.