Hantar Ɓera Ba Hantar Mutum Ba Ce

Na sha jin wata magana daga bakin masu ilimi, har da ma'aikatan lafiya, cewa gwada magani a kan ƙwayoyin hanta cikin faranti share fage ne kawai, hukuncin gaskiya sai an ɗura wa dabba. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Dabba jiki ce sukutum, da jini da hanji da ƙoda, su kuwa ƙwayoyin faranti an raba su da gida. A kan tsohon salo ma suna da gaskiya: idan aka shimfiɗa ƙwayoyin hantar mutum a faranti kamar shanya, cikin 'yan kwanaki sai su baje, su daina yawancin aikin sarrafa magani. Mai gwaji da su tambayar hantar da ta manta sana'arta yake yi.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A 1993, a Amurka, an ba masu ciwon hanta nau'in B maganin fialuridine, bayan ya tsallake gwaji a jikin ɓeraye da karnuka da birai. Cikin mutum 15, biyar suka rasu, biyu kuma sai da aka yi musu dashen hanta. Daga baya aka gano cewa ƙwayar halittar mutum tana da wata kafa da ke shigar da maganin har sashen da ke samar mata da ƙarfi, kafar da ba ta nan a wannan wurin a jikin ɓera. Dabbar cikakkiya ce, amma ba jikinmu ba ce.

Sannan farantin yau ba na jiya ba ne. Ana zuba ƙwayoyin hantar mutum kamar 1,500 a ɗan rami mai santsi, inda ba su da abin mannewa sai junansu. Cikin mako guda sai su dunƙule su zama ɗan curi, wanda ƙwayar gero ta fi shi girma nesa ba kusa ba. A cikin curin nan kowace ƙwaya tana jingine da 'yar'uwarta ta kowane gefe, kamar yadda take a jiki, har su buɗe ƙananan hanyoyin ruwan maɗaciya. A 2016 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa irin wannan curi yana riƙe aikinsa har mako biyar. Nan ne muhimmancin yake, domin fialuridine ba a kwana biyu yake ɓarna ba, a hankali yake ci. Da suka yi ta maimaita ba curin maganin, sai gubar da dabbobi suka ɓoye ta bayyana.

A 2018 kuma suka gwada magunguna 123. Curin ya kama kashi 69 cikin ɗari na masu illa ga hanta, bai kuma ɗora wa marar illa ko ɗaya laifi ba.

Ni kaina ba na son a zarce. Kashi 69 ba ɗari ba ne. Akwai illar da garkuwar jiki ke tayarwa ga mutum ɗaya cikin dubbai, wadda curin ƙwayoyin hanta zalla ba zai gani ba, kuma ba shi da ƙoda ko hanji. To amma ɓera ma ba ya ganin irin wannan illa, ga shi ɓerayen gwaji kusan duk jininsu ɗaya. Curi kuwa ana iya haɗa shi daga hantar mutane daban-daban, a ga wanda jikinsa ke saurin sarrafa magani da wanda ke jinkiri.

A Disambar 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin a kai ga mutane. Ba ta haramta gwajin dabba ba, ta dai yarda a kawo shaida daga ƙwayoyin mutum a saurare ta.