Kiɗan Mozart da Yara a Gida

A Turai akwai wani kiɗa na dā wanda har yau ake saurara. Yawancinsa babu waƙa, sai goge da sarewa da fiyano. A takarda ake rubuta shi, shi ya sa bai ɓace ba.

Mozart yana cikin manyan masu shirya shi. An haife shi a 1756 a Salzburg, cikin Ostiriya ta yau. A gida ya koya. Ubansa yana koya wa yayarsa, shi kuwa yana gefe yana saurare. Yana shekara 5 ya fara shirya nasa, uban yana rubutawa.

In kana so ɗanka ya san kiɗan nan, kada ka cika masa kunne. Sa masa gajere a waya, minti 3 ya isa. Gobe ka maimaita shi, ka faɗa masa sunan mai shi. In ya tashi yana rawa, ƙyale shi.